Abincin Tsawa

Ikilima tana rataye a ƙololuwar ƙarfen eriya, ɗamarar hawa ta ɗaure mata ƙugu, sifana a bakinta, lokacin da ta hango taron.

Ba taro take nema ba. Ta ɗora madubin hangen nesa a ido ne don ta saita eriyar wani ƙaramin asibiti a Maamobi ta fuskanci 'yar'uwarta da ke ƙetaren babbar kwata, a kan benen Alhaji Garuba a Nima. In biyun suka kalli juna, aiki ya kammala: kwamfutar asibitin za ta riƙa aika saƙo ga likitocin duniya ba tare da wayar tarho ba. Ta bi rufin kwano masu tsatsa ɗaya bayan ɗaya har ta samo ƙarfen nata, ja da fari, tsaye ƙiƙam. Sai idonta ya zame ƙasa, ya faɗa tsakar gidan.

Gidan ya cika maƙil, har kan katanga mutane ne. A gindin benen, daidai inda ta haƙa raminta makonnin baya, wasu samari biyu suna saran ƙasa da diga. Can gefe, a kan turmin da aka kifa, ga wata tsohuwa zaune ita kaɗai, an bar fili kewaye da ita, ba mai matsowa. Ikilima ba ta buƙaci ganin fuskar ba. Ta san kallabin, ita ta sayo shi.

Sifanar ta suɓuce daga bakinta, ta daki rufin asibitin.

"Injiniya, lafiya?" in ji Lawal, tsohon direban kamfaninsu, daga ƙasa.

"Ta da mota, Baba Lawal," ta ce. "Mma ce."

Tana saukowa ta ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Hadari yana haɗowa.

* * *

Mutanen Nima ba su taɓa sanin inda za su ajiye Ikilima ba. 'Yar marigayi Malam Mika'ilu akawu ce, uwarta Mma Awabu mai gawayi, kowa ya ga tashinta. Amma ta tafi jami'a a Kumasi, ita kaɗai mace a ajinsu, ta dawo da wando da takalmin gwangwaro da jakar kayan aiki. Da aka fara haɗa kwamfutocin birninsu, Ankara, da na sauran duniya, hannunta na cikin hannayen farko da suka ja wayar. Bankuna sun san ta, Turawa sun san ta, har wani kamfani a ƙasar waje ya yi mata tayin aiki. A unguwarsu kuwa abu biyu aka sani: ta haye talatin ba miji, kuma tana hawa sama kamar biri. In ta wuce a gaishe ta da "Sannu, Injiniya," in ta ba da baya a taɓe baki.

Ita ta nace wa manyanta a kan a kai abin nan Zango, wato unguwarsu ta Nima. Ta ce ba za ta haɗa masu kuɗi da duniya ta bar inda aka yi mata goyo ba. Benen Alhaji Garuba ya fi kowane gini tsawo a layin, kuma a gidansa Mma Awabu take haya tun kafin mijinta ya rasu. Alhaji ya yarda. A ɗakin sama na benen akwai makarantar Islamiyya ta yara, a kan rufinsa aka kafa ƙarfen.

To, duk ƙarfe mai tsawo yana kiran tsawa, wannan ko mai gyaran wuta na bakin titi ya sani. Maganinsa shi ne a ɗauro waya mai kauri ta jan ƙarfe daga sama har ƙasa, a haɗa ta da sandar jan ƙarfe a cikin rami mai zurfi, a zuba gawayi da gishiri a rufe. Gawayi da gishiri suna riƙe laima, in tsawa ta faɗo sai ta bi wayar ta shige ƙasa, gida ya tsira. Ikilima ta yi haka a wurare da dama. A nan sai ta so ta faranta wa uwarta, ta sayi gawayin a hannunta. Da rana tsaka aka yi, a gaban kowa. Mma Awabu da kanta ta durƙusa a bakin ramin ta zuba, tana bisimilla, ta daɗe a durƙushe.

Fusena, maƙwabciyar ɗakinsu, tana tsaye a ƙofarta da tsohon ciki, tana kallo.

"Yaya Ikilima, gishiri a rami? Wa zai ci?"

Ikilima ta yi dariya ta ce, "Abincin tsawa ne."

Baki shi ke yanka wuya. Bayan 'yan makonni Fusena ta haifi namiji, kafin ranar suna jikinsa ya sandare, ya kasa kama nono, ya koma. Shi ne na biyu da ta rasa haka. Mijinta Ya'u ya je wajen wani mai duba, mai duba ya buga ƙasa ya ce an binne abu a gidan. Wane gida ne a duniya ba a binne komai a cikinsa ba? Amma wanda zuciyarsa ta ƙone ba ya irin wannan tambayar.

Duk wannan Ikilima ta ji ƙishin-ƙishinsa, ta ɗauka maganar mata ce za ta wuce. Yanzu tana cikin mota, motocin haya na tirotiro sun cunkushe hanya. Bara a unguwar Tudu ta ga abin da taro ya yi wa wani mutum da tayar mota da kwalbar fetur. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta ƙarasa da gudu ta lunguna.

* * *

Taron ya tsage mata hanya. Ba don girmamawa ba, ba mai son jikinsa ya taɓa nata.

An riga an zaro sandar jan ƙarfen an yar. An datse wayar daidai tsawon mutum, ragowar tana reto a jikin bango. Alhaji Garuba yana zaune a kujerarsa da carbi, fuskarsa irin ta wanda aka tasa daga barcin rana aka miƙa masa shari'a. Ikilima ta wuce kai tsaye ta tsaya a gaban uwarta, ta ba ta baya, sannan ta rusuna.

"Baba Alhaji, ina wuni."

"Lafiya ba lau ba, 'yata. Ga abin da aka tono a gidana. Yi wa mutane bayani."

Ta yi bayani. Ta yi shi a hankali, da Hausar da ta sha a nono, ba ta saka Turanci ko ɗaya ba. Ta faɗi aikin gawayi, ta faɗi aikin gishiri. Ta ce a je gindin kowane dogon ƙarfe a garin nan a tona, abin da za a tarar ke nan. Sai ta hango Awudu mai gyaran wuta a cikin mutane, zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

"Ga Awudu nan. Awudu, don Allah, ba haka kuke yi ba in kun ja wuta a sabon gini?"

Awudu ya dubi Ya'u, ya dubi samarin da ke riƙe da diga, ya sunkuyar da kai yana murza ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

"Ni dai ban ga lokacin da aka binne wannan ba," ya ce.

Duk da haka maganarta ta fara shiga. Alhaji yana gyaɗa kai, wasu dattawa sun soma janye jiki zuwa ƙofa. Da a nan aka tsaya, da an kwana lafiya. Sai saurayin da ke cikin ramin ya miƙe da wani abu a tafin hannu, ɗan ƙulli na tsohon tsumma, ya yi baƙi da gawayi, an naɗe shi da zare.

Ikilima ta dubi ƙullin. Ba ita ta saka shi ba, ba ta taɓa ganinsa ba.

Ya'u ya fizge ya tsinke zaren da haƙori. A cikin tsumman akwai wani guntun abu busasshe, baƙi-baƙi, a murɗe. Maza ba su gane ba. Mata kuwa duk sun gane, wata ta dafe ƙirji ta yi salati. Cibiyar jariri ce.

Fusena ta yi wani irin kuka da ba a so a ji sau biyu. Ta faɗa kan mijinta ta ƙwace abin, ta ƙanƙame shi a ƙirji.

"Ta ɗana ce. Ta ɗana na fari ce, na neme ta na rasa. Mma Awabu, me na yi miki? Ke kika yi masa wanka da hannunki."

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji wani daga baya.

Ikilima ta juya ta durƙusa. "Mma, mene ne wannan?"

Tsohuwar ba ta dubi taron ba, 'yarta ta duba. Idanunta jajaye ne, shekara da shekaru na ƙurar gawayi, kuma Ikilima ta san abin da mutanen nan suke karantawa a cikin jan idon.

"Taki ce," Mma Awabu ta ce a hankali. "A ɗakin siminti na haife ki a Tudu, ba inda zan binne. Babanki ya ce in ajiye sai mun yi namu gidan. Ba mu yi ba. Da na ji masu jajayen kunne suna kiranki, na ga kin haƙa rami da hannunki, sai na ce bari in saka ta a nan. Inda cibiyar mutum take, can yake komawa. Ban so ki tafi ba ne, Ikilima."

Gaskiya ce tsagwaronta, amma wa zai saye ta? Tsohuwa, gwauruwa, ba ɗa namiji, ga jan ido, ga 'ya mai hawa sama. Wani saurayi ya ɗaga murya da Hausarsu ta Zango da ba ta raba mace da namiji: "Tsohuwan nan shi ne ya ci yaron." Dutse ya taso daga bayan mutane, ya wuce kafaɗar Ikilima, ya sami Mma Awabu a goshi. Jini ya gangaro ta gefen hancinta, ba ta ko ɗaga hannu ta share ba. A bakin ƙofa wani ya ce a kawo taya.

A daidai lokacin sama ta yi gurnani, doguwar ƙara mai bin ƙasa. Ikilima ta ɗaga kai, ta ga ƙarfenta a tsaye cikin baƙin hadari, ta ga guntuwar wayar na reto. Sai ta jiyo ƙananan muryoyi daga ɗakin sama, suna rera karatu. Malamin ya kulle yaran a ciki don kada su ga tashin hankali. Ƙarfen yana kan rufinsu, kuma yanzu in tsawa ta faɗo ba ta da hanyar zuwa ƙasa sai ta cikin ɗakin.

Tsoro biyu suka haɗu a ƙirjinta. In ta yi shiru, 'ya'yan mutane ne. In ta yi magana kuma tsawar ta faɗo, an gama, ba wanda zai hana su ƙona uwarta. Ta ja gwiwa zuwa kujerar Alhaji.

"Baba Alhaji, a fitar da yaran nan yanzu. An yanke wayar. Tsawa tana iya faɗowa a kan benen."

Ta yi ƙasa da murya, amma Ya'u ya ji.

"Kun ji ko? An tono abincinta, yanzu za ta turo mana ita."

Taron ya motsa gaba ɗaya. Alhaji Garuba ya miƙe ya buga sandarsa a ƙasa. Ba jarumi ba ne, amma ba ya son a ce an kashe mace a tsakar gidansa. Ya sa aka sauko da yaran. Ya sa matansa suka ja Mma Awabu zuwa shagonsa, ya datse ƙofa, ya zauna a bakinta. Sannan ya dubi Ikilima.

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ke kika kafa shi, hau ki sauke. In kin sauke lafiya, ki ɗauki uwarki ku bar mini gida kafin magariba. In kuwa tsawa ta taɓa gidan nan, 'yata, ƙofar nan katako ce, ni kuma tsoho ne."

* * *

Abu na farko da aka koya mata a wannan aiki shi ne ba a hawa ƙarfe in hadari ya haɗo. Ita ma ta sha korar maza daga sama saboda haka. Ta ɗaura ɗamara, ta karɓi sifana da igiya a hannun Lawal, wanda ya iso yana haki, ta kama hawa.

Iska ta taso da ledoji da ƙura, ƙarfen ya riƙa lanƙwasa yana dawowa. Tun tana tsakiya ta ji shi yana wani siririn zuzu a ƙarƙashin tafinta. Gashin hannunta ya miƙe. Ta san ma'anar wannan, kuma sanin bai taimake ta da komai ba, sai ma ƙara mata tsoro da ya yi. Ta so ta karanta Ayatul Kursiyyu, ta kasa wuce farkonta, sai maimaitawa take.

Ta kwance faifan eriyar, ta ɗaure shi a igiya, ta zura wa Lawal. Wata da watanni ta yi tana roƙon a ba ta shi. Ta koma kan notunan da suka haɗa gaɓar sama da ta ƙasa. Da ta ɗaura su ta matse su iya ƙarfinta, don ta so ƙarfen ya daɗe bayan ranta. Yanzu sun ƙi motsi. Ruwa ya ɓarke, sifanar tana zamewa, fatar yatsunta ta saluɓe. Walƙiya ta haska, ta runtse ido ta manne da ƙarfen tana jiran abin da zai biyo baya, ƙarar ta fashe a wani wuri can. Ta buɗe ido. A ƙasa mutane sun fake a ƙarƙashin rumfuna, ba wanda ya tafi gida. Wani yana zaune a kan taya, ya rufe kansa da buhu.

"Mma," ta ce, ba ta san ta faɗa ba. Ta sa ƙafa ta taka sifanar da dukkan nauyinta, notin ya yi ƙara ya saki.

Gaɓa bayan gaɓa ta sauke shi, har rufin ya koma fili kamar ba a taɓa kafa komai a kansa ba. Tana taka matakalar ƙarshe wata tsawa ta faɗi can wajen teku, ƙasa ta girgiza, sannan hadarin ya fara janyewa.

Sai aka yi ta hamdala. Aka ce kun gani, ana cire abin tsawar ta canza hanya. Da ta faɗo a gidan, da an ce ita ta kira ta. Da ba ta faɗo ba, an ce an karya asiri. Ko ta ina aka bi, su ne da gaskiya.

Alhaji ya buɗe shago. Lawal ya loda tabarma da kwalla da akwatin ƙarfe a bayan mota, a kan gaɓoɓin eriyar. Buhunan gawayin aka bari, ba mai taɓa su. Da za su fita, Mma Awabu ta tsaya a gaban Fusena, wadda ke zaune a ƙofarta cikin jiƙaƙƙen zane, ƙullin na nan a ƙirjinta. Tsohuwar ta buɗe baki kamar za ta roƙi abinta, ta dubi yadda yarinyar ta riƙe shi, sai ta fasa.

"Allah ya ba ki mai zama," ta ce, ta wuce.

A bakin lungu suka wuce Awudu, ya naɗe wayar jan ƙarfen ya saƙala a hammata.

* * *

Ɗakin Ikilima yana hawa na uku a wani bene a Kokomlemle. Akwai famfo, akwai fanka, ba mai jifan kowa. A nan Mma Awabu ta warke, goshin ya bar tabo. Baƙin da ya zauna a layukan tafinta tun tana amarya ya wanke tas, har takan zauna tana juya hannayen kamar na aro. An yi suna a Nima, an yi biki, an yi rasuwa, ba wanda ya aiko mata da goro. Ta daina cin tuwo sai an matsa mata. Kwamfutar asibitin Maamobi kuwa an lulluɓe ta da zane an tura lungu.

Ikilima ta ƙi aikin ƙasar wajen. Ba ta gaya wa uwarta ba, uwar ma ba ta tambaya ba.

Wata ranar Juma'a da yamma Lawal ya biyo gaisuwa, ya kawo labari. Ya ce Fusena ta binne cibiyar a ƙofar ɗakinta, ta ɗora dutse a kai, kullum da safe tana yayyafa wa wurin ruwa.

Mma Awabu ta gyaɗa kai.

"To, an dai binne ta a Nima," ta ce. "Wannan karon ba mai tonowa."

Bayan ya tafi ta tashi ta dafa bango zuwa taga. Ta ce, "Ba ni madubin nan naki in ga gida."

Ikilima ta ɗauko ta saita mata, ta riƙe mata gwiwar hannu don kada ya yi rawa. Tsohuwar ta kai shi dama, ta dawo da shi hagu. Rufin kwano ne masu tsatsa, dubbai, sun kwanta a jikin tudu har iyakar gani, kowanne kamar ɗan'uwansa.

"Wanne ne namu?"

Ikilima ta karɓa ta duba. Da, ƙarfen ja da fari take nema, sai ta sauke ido. Ta bi layin, ta sake bi, har aka fara kiran magariba.

"Ban gane shi ba, Mma."

Tsohuwar ta miƙo tsabtataccen hannunta ta karɓi madubin, ta mayar a idonta, ta ci gaba da nema.